Shirun Nomau

Muryarsa na fara sani kafin fuskarsa. A shekarar 1998 ne, ina zaune a wani masauki mai araha a unguwar Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou, ina jiran kayan yara da na ba da oda a kasuwar Baima. Bangon ɗakunan masaukin falanki ne aka shafa wa fenti, in maƙwabcinka ya yi atishawa kai za ka ce masa yarhamukallah. Ta wannan bangon na ji wani yana Turanci da murya mai kauri, yana yi yana tsayawa, yana komawa farko. Na kasa kunne, na ce lallai na san muryar nan. Sai da na wuni ina juya abin a raina sannan na tuna, ashe muryar bos ce. Duk wanda ya shiga silima a Kano zamanin muna sakandare ya san tsohon nan mai farin gemu na finafinan Chana, wanda yake shafa gemu ya yi dariya kafin ya karya wa jarumi haƙarƙari. Bakinsa na motsi da Sinanci, Turanci na fita. To mai Turancin ne Allah ya ajiye mini a ɗaki na kusa.

Ɗaki ɗaya muke da Malam Maidaji, mutumin Maraɗi, mai sarin shadda da yadi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce masa Baba. Mahaddaci ne, kuma irin mahaddatan nan da ba sa barin kuskure ya wuce su. A masallacin unguwarsu, inji shi, wurinsa sananne ne, bayan liman daidai ƙeyarsa, don in karatu ya kakare wa liman shi ke ɗora shi a hanya. Ko ni da muke salla mu biyu a ɗaki, in ya tura ni gaba sai gabana ya riƙa faɗuwa, don numfashi in na ja da ɗan tsawo tsakanin aya da aya sai in ji muryarsa a bayana. Turanci kuwa ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Faransancinsa na kasuwa ne, Sinancinsa bai wuce lawban da meyyo ba, wato maigida da babu.

A shagon taliyar Musulmin Xinjiang da ke bakin layinmu muka haɗu da mai muryar. Dogon Bature ne, tsoho, siriri, da kwat mai kauri a wannan zafin na Guangzhou da ke sa mutum wanka da gumi. Na gaishe shi, na gaya masa inda na san muryarsa. Sai ya ajiye tsinken cin taliya, ya shafa gemun da ba shi da shi, ya yi mini dariyar bos ɗin nan tun daga cikinsa, har mai shagon ya leƙo daga kicin. Sunansa Norman Ridsdale. Baba Maidaji ya gwada sunan sau biyu bai zauna masa a baki ba, ya ce to Nomau ke nan, ai da ganinsa da damina aka haife shi. Sunan ya bi shi.

Kamfanonin da muke jira kullum maganarsu gobe, sai ya zama zaman shagon taliya ne aikinmu. A nan Nomau ya ba mu tarihinsa, ina fassara wa Baba. Ɗan mai sayar da kifi ne a wani garin bakin teku a arewacin Ingila. Da shara ya fara a gidan wasan kwaikwayo na garinsu, daga nan aka ba shi jan labule, sai wata rana wani ɗan wasa ya bugu ya kasa tashi, aka sa masa kayan mutumin aka tura shi dandamali. Tun daga ranar bai sake wata sana'a ba. Ya bi ƙungiyoyin wasa gari gari, wannan makon sarki ne, mako mai zuwa mai gadin sarki. Ya je Landan, ya shiga talabijin. Ya fito a ɗan sanda, ya fito a boyin masu kuɗi, ya fito a likitan da ke fitowa daga ɗakin tiyata ya girgiza kai ya koma. Ya ce a finafinai an harbe shi, an rataye shi, an jefo shi daga jirgin ƙasa, amma ba a taɓa rubuta sunansa da manyan baƙi a jikin fosta ba. Da aiki ya yi wuya ya taho Hong Kong, ya shekara da shekaru yana ara wa 'yan wasan Chana murya. Matarsa ta rasu a can. Da Ingila ta miƙa wa Chana Hong Kong aka rufe ɗakin ɗaukar muryar, shi ne ya tsallako nan, inda ake neman Turawan da za su fito a mugaye.

Duk wannan ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin wani, ba tausayin kai ba alfahari. Baba Maidaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in tambaye shi ko a duk rayuwar tasa ya taɓa fitowa a mutumin kirki. Nomau ya ce tambayar ta zo a kan gaɓa.

Wani gidan talabijin ne ke shirya dogon wasa a kan yaƙin da Ingila ta yi da Chana saboda cinikin ofiyom, wato wannan kayan mayen da Turawa suka riƙa shigowa da shi ta jiragen ruwa. An ba Nomau ya fito a likitan jirgi. A duk wasan shi kaɗai ne Baturen da ke da imani, kuma akwai wurin da zai tsaya gaban kyaftin ɗin jirgi ya gaya masa gaskiya, magana doguwa, shafi guda cur, ba mai katse shi. Ya ce tun da yake bai taɓa samun shafi guda nasa na kansa a gaban kyamara ba, kuma ya san ba zai sake samu ba. Ba ya son komai a duniya yanzu sai a ɗauki wannan fitowar da fuskarsa da muryarsa a wuri ɗaya.

Matsalar ita ce kansa ya fara yoyo. Bai ɓoye mana ba. Ya ce da can sau biyu yake karanta shafi ya zauna masa, yanzu sai ya haddace da safe, da yamma wani wuri ya ɓule. Daraktan wasan, wani Mista Liang, ya fara jin ƙishin ƙishin, don a wata 'yar gajeriyar fitowa Nomau ya taɓa kakarewa. Kuma daraktan ya dage a kan cewa wannan doguwar maganar a ɗauka ɗaya za a yi ta, kyamara na tafiya a hankali tana matso fuskarsa, ba yankawa ba haɗawa. Har an ajiye wani saurayi ɗan Ostareliya mai koyar da Turanci a unguwar Tianhe, wanda bai taɓa hawa dandamali ba, an auna masa gemun roba ko da za a buƙata.

Shi ne dalilin wannan karatun da muke ji ta bango. Da hantsi yana yi, bayan la'asar yana yi. Ni har na gaji, na fara tunanin canza ɗaki. Baba Maidaji kuwa sai ya jingina da falankin, carbi a hannu, ido a rufe, yana sauraro kamar mai karɓar hadda. Wata rana ya buɗe ido ya ce mini, "Saifu, wanga bawan Allah kullum wuri guda yaka tuntuɓe." Na ce ta yaya ya sani, shi da ba ya jin Turanci. Sai kawai ya karanto mini maganar tun daga farko, da Turancin Ingila tsantsa, har da inda Nomau ke jan numfashi, bai san ma'anar kalma ɗaya ba. Na yi dariya har da hawaye. Ya ce mene ne abin dariya, kunne ai kunne ne.

Gaskiyarsa kuwa. Akwai wurin da likita yake lissafa wa kyaftin mutanen da ya gani kwance a bakin gaɓa, sun zama ƙashi da fata. Daga nan sai ya ce, "Ni na auna musu, ni kuma na rufe musu ido." To kafin wannan jimlar Nomau ke tsayawa cak. Wani lokaci ta zo masa, wani lokaci mu ji ƙarar takarda. Amma da ranar ɗauka ta matso sai muka daina jin takardar. Yana kaiwa wurin ya yi shiru, sannan ya wuce. Baba ya ce alhamdu lillahi, haddar ta fara zama.

Nomau ne ya ja mu cikin fim ɗin. Ana neman baƙaƙen fata da za su fito a ma'aikatan jirgi, su tsaya a bayansa yayin da yake magana, a lokacin kuma mu baƙaƙe a Guangzhou ba mu da yawa. Ya ce zai fi samun natsuwa in ya san waɗanda ke bayansa nasa ne. Ni ban yi gardama ba, wa zai ƙi ganin yadda ake yin fim? Baba Maidaji ya fara da a'uzu billahi, ya ce shi da furfurarsa ba zai shiga sinima ba. Na gaya masa ba rawa ba waƙa, tsayuwa ce kawai a bayan mutum. Ya ce in tsayuwa bayan mutum ce wannan ya iya, kuma don Nomau zai yi, ba ya son ko sisinsu.

Wurin ɗaukar yana bayan gari, bakin kogi. Rabin jirgin ruwa suka gina da katako, ta gaba jirgi, ta baya gungumen gora da igiyoyi. Aka ba mu wasu tsummokara muka sa, aka naɗa wa Baba rawani, wanda ya warware ya sake naɗawa da kansa don ya ce naɗin nasu na marasa tarbiyya ne. Wata yarinya tafinta ta zo ta ce mu tsaya nan, kada mu kalli kyamara, kada mu yi magana. Na fassara wa Baba kalma bayan kalma. Ya ce ya ji, ai shi ma ya san ladabin sahu. Aka tsayar da shi daidai bayan Nomau. Can gefe na hango ɗan Ostareliyan a kan kujera yana shan lemo, gemun roba a cikin leda a cinyarsa.

Aka ce a fara. Wallahi ban san tsohon nan haka yake ba. Wanda muke cin taliya da shi, sai ga shi ya miƙe ya cika jirgin. Bai ɗaga murya ba, amma har masu riƙe da fitilu sun daina motsi, alhali yawancinsu ba sa jin abin da yake faɗa. Kyamara tana tafowa a kan dogo a hankali. Ya bi maganar tiryan tiryan, ya lissafa mutanen bakin gaɓa, ya kai wurin nan, ya tsaya.

Ya zuba wa kyaftin ido. Daga inda nake ina ganin gefen fuskarsa, leɓensa na ƙasa yana ɗan rawa. Ina kuma ganin Mista Liang a bayan kyamara, ya sunkuyo gaba, ya ɗaga hannu ɗaya alamar kada kowa ya motsa, fuskarsa kamar ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Shirun ya yi tsawo, amma ni a jikina na ji daɗinsa.

Sai muryar Baba Maidaji ta fito daga bayansa, a natse, da ɗan kaɗawar tilawa, ta karanto jimlar da Turanci tsaf: "Ni na auna musu, ni kuma na rufe musu ido."

Mai riƙe da sandar ɗaukar magana ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Ba dariyar mugunta ba ce, abin ne ya zo musu ba zato, tsoho baƙi da rawani yana Turancin Landan. Darakta bai yi dariya ba. Ya taso ya zo, ya dubi Baba, ya dubi Nomau, ya sa tafinta ta tambaye ni yadda aka yi mutumin nan ya san maganar, kuma ya san daidai wurin da za a buƙace ta. Na ce maƙwabta ne, bango ba kauri. Baba yana ta zungurina yana cewa in gaya musu kullum nan Nomau yake tsayawa, ba laifinsa ba ne, wurin ne da santsi. Ban fassara ba, amma Mista Liang bai buƙaci fassarata ba. Na ga idonsa ya tafi wajen mai shan lemo ya dawo.

Aka sake ɗauka. Wannan karon Nomau bai ma kai wurin ba, tun a tsakiyar lissafin mutanen bakin gaɓa ya sarƙe. Aka ba shi ruwa, aka sake. Ya yi layi uku ya tsaya, kuma kowa ya ga wannan tsayuwar ba ta wasa ba ce. Na ga yana ɗan karkata kunne baya, wajen Baba, ni kuma na riƙe wa Baba hannu gam na hana shi buɗe baki. Darakta ya ce a huta. Kafin mu gama cire tsummokaranmu an zaunar da ɗan Ostareliya gaban madubi ana shafa masa gam a haɓa. Nomau ya cire kwat ɗin likita da kansa, ya ninke ta da kyau, ya miƙa wa matar da ke kula da kaya, ya ce mata sheshe, wato na gode.

A motar komawa Baba ne ya fara magana. Ransa a ɓace yake, amma da Sinawan. Ya ce wane irin mutane ne waɗannan, mutum ya kakare a gaban jama'a a zuba masa ido, wanda ya taimake shi kuma a yi masa dariya. Ya ce a garinsu in liman ya tsaya aka rasa mai ɗora shi, na baya ake zargi, ba liman ba. Ni kuwa haushinsa ya cika ni har wuya. Na gaya masa, da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba, cewa nan ba masallaci ba ne, a sana'ar mutanen nan shiru ma magana ce, ana yin sa da gangan, kuma daraktan yana jin daɗin shirun har lokacin da shi ya buɗe baki. Baba ya dube ni. Ya ce, "Kana nufin ba mantuwa ya yi ba?" Na ce ban sani ba.

Ranar ba mu ji komai ta bango ba. Baba ya ƙi cin abinci. Na ba shi haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi, ya ce ba wannan ne ya dame shi ba. In mantuwa ce, shi ya yi abin da ya wajaba a kansa, Allah ne ya ƙaddara sauran. In kuwa ba mantuwa ba ce, to ya shiga haƙƙin bawan Allah, ya yanke masa abu ɗaya da ya rage masa a duniya. Ya ce ba zai iya komawa Maraɗi da wannan a wuyansa bai san wanne ne ba. Na tausaya masa ƙwarai, don ban taɓa ganin dattijon nan cikin shakka a kan komai ba sai ranar.

Washegari da hantsi Nomau ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da akwatinsa a hannu. Zai koma Hong Kong, daga can ya nemi hanyar gida, akwai wata ƙanwarsa da ke raye. Muka ce sai mun raka shi. Muka ɗauki tasi zuwa tashar jirgin ƙasa da ke Tianhe, Baba ya ƙwace akwatin ya ƙi bari kowa ya taɓa. A hanya Nomau yana ta hira kamar ba abin da ya faru, yana ba mu labarin wani gari da suka yi wasa mutum biyu ne kawai 'yan kallo, ɗaya ma barci yake. Bai ambaci jiya ba ko sau ɗaya, kuma ban ga alamar fushi a tare da shi ba.

A bakin ƙofar da ba a barin 'yan rakiya su wuce, ya miƙa hannu zai karɓi akwati. Baba bai saki ba. Ya ce da ni, "Tambaye shi, Saifu. Tsakaninshi da Allah, ya mance ne ko bai mance ba?"

Na tambaye shi. Nomau ya dubi Baba, ya ɗan yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa.

"Gaya masa ni ma abin da na tsaya in gani ke nan," inji shi. "Da na kai wurin ba komai a kaina. Amma haka take yi mini kwanan nan, sai in yi shiru in jira, sai ta zo. Ina jin kamar ta taso. Ko za ta iso, ko ba za ta iso ba, ban sani ba, kuma yanzu ba mai sani."

Na fassara wa Baba duka, ban rage komai ba. Ya saki akwatin. Nomau ya ɗauka, ya ɗaga mana hannu, ya bi layi ya shige. Muka tsaya har kansa ya ɓace a cikin mutane, na ce Baba mu tafi, bai motsa ba.

"Da na ƙara mashi numfashi guda," ya ce.